Gidan Kakanmu na Ƙasa: A Rushe, Ko A Mai da Shi Gidan Tarihi?

"Assalamu alaikum, Baba. Kwanakin baya na kai ɗalibaina gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ginin kansa. Ƙasa ce, ta haura shekara ɗari, ga kuma sanyi a ciki da tsakar rana. Mu ma muna da gidan kakanmu a cikin birni, mai zaure biyu da soro mai ɗaurin guga, amma tun rasuwar kakarmu ba kowa a ciki, har ya fara zubewa. 'Yan'uwa sun kasu biyu. Wasu sun ce a rushe a yi shaguna, ni kuwa ina son a mai da shi ɗan gidan tarihi, domin akwai takardu da riguna da kayan dokin kaka. Me ya sa wancan ginin ya daɗe, namu kuwa yake lalacewa? Kuma abin da nake tunani mai yiwuwa ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya jiƙan magabata. Abu biyu ka tambaya: dalilin da ya sa wani ginin ƙasa ke tsayawa shekara ɗari wani kuma ya kwanta cikin 'yan damuna kaɗan, da kuma ko gidan gado zai iya zama gidan tarihi. Na shafe shekaru masu yawa ina aiki tare da magina wajen gyaran tsofaffin gine-gine, kuma a abin da na gani, wanda ya fahimci amsar tambaya ta farko ya gama rabin aikin ta biyu.

Ginin da ka kai ɗalibanka

An fara karatu a Kwalejin Katsina a 1921, sannan Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. An kafa ta ne domin horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, kuma daga cikin dalilan zaɓen Katsina akwai sunan da ta yi tun da can a fagen ilmi, garin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marna. A cikin waɗannan azuzuwan ne Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa da Kashim Ibrahim suka yi karatu. A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, daga can ta koma Zariya a 1949, inda daga baya aka sa mata suna Kwalejin Barewa. Makaranta ta tashi, gini ya zauna, kuma a yau yana ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da kayayyakin tarihi, wadda aka kafa a 1979.

Tun da naku gidan zama ne, misalan da suka fi kusa da shi suna Kano. Gidan Makama, kamar yadda tarihin Kano ya riƙe, an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun kafin ya zama sarki. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen harkar mulki, daga baya aka mai da wani sashensa gidan tarihi. Haka nan Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, shi ma yanzu gidan tarihi ne. Idan ka duba waɗannan gine-gine uku, za ka ga abin da ya haɗa su shi ne kowanne ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma duk hannun da ya karɓa yana da wanda za a tambaya idan rufi ya yi yoyo. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma da muke alfahari da ita an sha gyara ta, har da babban gyaran da aka yi mata a zamanin Sarki Dikko. Ƙasar da ke jikin irin waɗannan gine-gine ta waje an sabunta ta sau da yawa, abin da ya daɗe shi ne tsarin ginin da kuma cikin bangon. Gidanku ya fara zubewa ne tun ranar da aka rasa mai hawa bisa soro ya duba indararo kafin ruwan fari.

Yadda aka gina soron kakanka

Ina so ka san abin da ke cikin bangon nan, domin a gidan tarihi irin wanda kake tunani, shi ginin shi ne kaya na farko da baƙo zai kalla. Maginan dā sukan haƙo jar ƙasa mai ɗan birji daga bayan gari ko daga ramukan cikin birni, kuma yawancin kududdufan da ka taso ka gani a unguwanni asalinsu ramukan haƙar ƙasar gini ne. A zuba mata ruwa, a sa ramno, wato yankakkiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Wajen gini, gindin tubali ake kafawa ƙasa, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan fara da kauri sosai a harsashi, jeri uku ko huɗu na tubali ko fiye, yana hawa yana sirancewa. Na sha tsayawa ina kallon tsohon magini zaune bisa bango kamar ya hau doki, yaro na jefo masa tubali daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa da hannu guda ba tare da ya ko kalli yaron ba, yana dasawa yana ja da baya. Wannan kaurin ne sirrin sanyin da ka ji: zafin rana yana daɗewa kafin ya ratsa bangon, lokacin da zai iso ciki dare ya riga ya yi, ga kuma tagogi ƙanana can bisa da ba sa barin rana ta shigo.

Rufin ne inda gwaninta take. Azara daga itacen giginya ake tsago ta, kuma an zaɓe ta ne saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin ƙafa shida sai ta fara lanƙwasa. To, yaya za a rufe zauren da faɗinsa ya ninka haka sau uku? Nan ne magina suka fito da baka. Sai a dasa azara a cikin bango tana ɗan kallon ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ƙara wani ɗaurin a bisanta wanda ya ƙara sunkuyowa, a yi haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya. Babu katakon tallafi a ƙasa kamar yadda ake yi wa kankare, ginin ne ke riƙe kansa mataki mataki. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki kamar sandunan bakin gugar rijiya, shi ne ɗaurin guga da ka ambata, kuma sau da yawa za ka ga an manna tasa ko faranti a wurin da suka haɗu. Tsakanin baka da baka sai a jera gajerun azara, wani lokaci a jera su da ado kamar saƙa, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a yi mata tudu don ruwa ya gangara zuwa indararo. Wannan fasaha ce shahararren maginin nan Babban Gwani ya kai ta ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma saboda darajarta ne aka gina kwafin wannan masallaci da wani sashe na fadar Katsina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Abin da ke kare duk wannan daga ruwa shi ne shafen ƙarshe. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta, a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe, ita ke ba bango wannan launi mai duhu-duhu, ita kuma ake zuba wa daɓe ya yi ƙarfi. Laso kuwa shi ne simintin mutanen dā, ana haɗa shi da katsin da ake kwashewa daga karofin marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi, a shafe rufi da rawanin soro da zankwaye. Ka lura da yadda sana'o'i suka riƙe juna: magini na jiran marini, marini na jiran manomin baba. Da marinai suka ragu, katsi ya yi wuya, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa gyaran soro ya yi tsada a yau.

Abin da ke kashe gidan ƙasa

Ruwa ne, ta bisa da ta ƙasa. Ta bisa, indararo guda da leda ko ciyawa ko kashin tantabara ya toshe ya isa ya tara ruwa a kan rufi dare ɗaya a watan Agusta, ruwan ya sami ƙaramar tsaga ya bi ta, ya jiƙa kan azarar da ke cikin bango. Azara ba ta jin tsoron gara idan a bushe take, amma idan kanta ya daɗe a jiƙe sai ya ruɓe, kuma daga nan baka ke fara sauka. Bangon gabas ya fi shan wuya saboda ta nan hadari ke tasowa da iska. Ta ƙasa kuwa, matsalar da na fi gani a cikin birni ita ce titi da kwata sun yi ta ɗaguwa har sun fi daɓen gida tudu, ga bututun famfo mai ɗiga, ga salga kusa da bango, ga maƙwabci ya yi rufin kwano yana zubo ruwansa a jikin katangarku. Danshi ya hau gindin bango, gishirin ƙasa ya fito fari-fari, ƙasa ta yi ta marmashewa har bango ya rasa ƙafa.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne wanda ake yi da kyakkyawar niyya, wato shafe bangon ƙasa da siminti. An taɓa kirana wani gida a cikin birni inda magada suka haɗa kuɗi suka shafe zauren mahaifinsu da siminti ciki da waje, suka yi masa fenti, kowa na yaba musu. Bayan damuna uku sai tsaga ta fito. Da na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa sai na ji yana amsawa kamar ganga. Muka ɓamɓare wani yanki a gindin bango, ƙasar da ke baya ta fito a jiƙe, na damƙa ta a hannu ta dunƙule kamar tuwo, ga hanyoyin gara sun yi rassa har bisa, ba wanda ya gan su saboda simintin ya rufe. Babban ɗan gidan ya tsaya yana kallo bai ce komai ba, ni ma na rasa abin da zan ce masa. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi idan rana ta fito. Siminti yana tsagewa ya bar ruwa ya shiga, amma ba ya barin sa ya fita, kuma ba ya kama ƙasa yadda ƙasa ke kama 'yar'uwarta. Sai da muka cire shi duka, muka bar bangon ya sha iska har ƙarshen rani, sannan aka cike gindin da sabon tubali aka yi yaɓen makuba.

Game da rufin kwano, ra'ayina ya sha bamban da na wasu abokan aikina. Idan babu kuɗin laso bana, a kafa rumfar kwano bisa soron a kan ginshiƙanta na daban, a bar tazara don iska ta ratsa, a kuma tabbata ruwanta na zuba nesa da bango. Ba ta da kyan gani, amma ana iya cire ta baɗi, ɗaurin gugar da ya rufta kuwa samun mai sake shi yadda yake abu ne mai wuya.

Kafin a kafa allo a ƙofar gida

Abin da kake tunani mai yiwuwa ne, amma ba daga gini za a fara ba, daga gado za a fara. Gidan nan haƙƙin magada ne, maza da mata, har da waɗanda suka yi aure a nesa da marayun da iyayensu suka rasu bayan kaka. Masu cewa a yi shaguna kada ka ɗauke su maƙiyan tarihi, ƙila a cikinsu akwai mai neman kuɗin makarantar 'ya'yansa. Son tarihi ba ya halatta riƙe rabon wani. Hanyoyin da na ga sun yi aiki su ne masu hali su sayi rabon masu son kuɗi, ko kuma magada baligai su yarda da ransu su yi waƙafi da rabonsu, a rubuta a gaban alƙali da shaidu, a faɗi wanda zai kula da wanda zai gaje shi a kulawar. Hukuncin rabon marayu da sharuɗɗan waƙafi fagen malamai ne da kotu, can za ku kai shi. Akwai kuma hanya ta tsakiya wadda na fi so: a yawancin tsofaffin gidaje akwai ɗakunan bulo da aka ƙara daga baya ko filin turke da ke kallon hanya. A yi shagunan a nan, a bar zauruka da soro, a kuma rubuta cewa wani kaso na kuɗin haya na yaɓen shekara ne. Ina faɗa maka gaskiya, kuɗin shiga ba zai riƙe gidan ba. Baƙinku yawanci 'yan makaranta ne irin ɗalibanka, sai baƙin da ke zuwa kallon hawan Salla. Gidan da ba shi da hanyar samun kuɗin yaɓe zai koma inda yake yanzu ko da an yi bikin buɗe shi da kakaki.

Sannan lallai a sami mai kwana a ciki. Ko wani dattijo daga dangi, ko a bar malamin unguwa ya ci gaba da karatun allo a zauren farko. Ɗakin da ake buɗewa kullum ana sharewa, shi ake ganin ɗigon farko a cikinsa, kuma jemage da ɓera ba sa samun wurin zama.

Idan kun daidaita, ku je wurin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da kuma ma'aikatan gidan tarihin da ka ziyarta. Dokar ƙasa ta ba hukumar tarayya ikon amincewa da gidajen tarihi masu zaman kansu, ta kuma hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, haka nan fitar da su waje. Ka riƙe wannan, domin da zarar labari ya bazu cewa akwai tsofaffin takardu a gidanku, dillalai za su fara sallama.

Kayan da ke ciki

Shawarata ita ce kada ku cika gidan da akwatunan gilashi ku mai da shi kamar kanti. Ku bar zaure ya zama zaure, da dakalinsa da buzu da allo, shigifa ta zama shigifa, baƙo ya bi ta yadda baƙon kakanka ya bi, ya ga yadda aka karkata ƙofofi don kada idon na waje ya kai cikin gida. Kayan doki, sirdi da linzami da likkafa da jalala, su zauna kusa da inda turke yake. Kuma kada a manta da sashen kakarka, wanda shi aka fi yin sakaci da shi a irin wannan aiki: jerenta, tasoshinta, taskira da mazari, turmi da dutsen niƙa, murhu da tukwane. Tun yanzu ka ɗauki waya ka zauna da gwaggwanninka da tsofaffin unguwa ka naɗi bayaninsu, wane ne ya gina soron, wace shekara aka ƙara bene, wa aka haifa a wane ɗaki. Ka sayi babban littafi ka ba kowane abu lamba, ka rubuta sunansa da mai shi da wanda ya ba da labarinsa, ka ɗauki hotonsa.

Takardun su ne suka fi bukatar hattara. Littattafan malamanmu na dā warwara suke, ba a ɗinke ba, cikin tadarishi da gafaka, kuma kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi ita ke nuna shafin da ke biye. Kada kowa ya sake musu jeri, kada a manna musu salatif, kada a kai su shago a liƙe su cikin leda da injin zafi, domin wannan ba ya ciruwa. A ɗauki hoton kowane shafi yadda aka same shi, a naɗe su da farar takarda mai tsabta, a ajiye bisa kanta nesa da bango da daɓe. Riguna, musamman saƙi da tsamiya masu nauyin aiki, kada a rataye su a ƙusa, a shimfiɗa su inda rana ba ta kaiwa, a riƙa dubawa saboda asu. Takobi da likkafa kada a goge su har su yi ƙyalli, a share ƙura kawai.

Ban ga gidanku da idona ba, kuma ba a yanke wa soro hukunci daga nesa. Ka nemi tsohon maginin da ya taɓa ɗaurin baka da hannunsa, ta hanyar Sarkin Magina ko dattawan unguwa, ku zaga tare. Ku duba tsakiyar kowane baka ko akwai tsaga, ku duba ko gari na zubowa daga kan azara, ku tsaya daga nesa ku ga ko bango ya yi ciki ko ya karkata. Duk tsagar da kuka gani ku ja layi da fensir a ƙarshenta ku rubuta kwanan wata, bayan mako biyu ku dawo ku ga ko ta wuce layin. Idan ta wuce, ko kuma baka ya sauka, a tokare shi da itace, a kwashe takardu da riguna zuwa wani gida, kada a bar yara su shiga. Idan ba ta motsa ba, to aikin bana kaɗan ne: a share rufi, a buɗe indararo, a ƙara musu tsawo don ruwa ya faɗi nesa, a cike ramukan ɓera, a yi wa ruwan tsakar gida hanya, a yaɓe bangon gabas, duk kafin watan Yuni ya kama. Idan kun gama zagayen, ka aiko mini da hotunan cikin soron da na gindin bango ta ɓangaren titi, da faɗin zauren da tsawonsa, mu ga inda za a fara.